Ramin da Aka Tona a Gonar Kitwana

Matan da ke binne ɓawon kwakwa a bakin teku don yin igiya su suka fara ganin ramin, washegarin Mauludi. Kafin rana ta ɗaga, duk ƙauyen Kigoda ya hallara a gonar Baba Kitwana, can ƙarshenta inda teku ke ta gatsar ƙasa shekara da shekaru.

Ramin yana gefen kabarin Balarabe. Kabarin nan ba wanda bai san shi ba. Na Nassoro bin Galibu ne, wanda bayinsa suka dasa kwakwar farko a gonar tun kafin zuwan Jamusawa, kuma an daɗe ana raɗe-raɗin ya binne tukunyar azurfa kusa da makwancinsa. Masu cewa azurfar aka kwashe suna yi, masu cewa matsafa ne suka zo neman ƙashin mamaci su ma suna yi. Abu ɗaya aka yarda da shi: jiya aka yi wannan aiki, lokacin da gari ya watse zuwa Mauludi a ƙetaren kogi.

"Wa ya rage a gari jiya?" in ji Shabani, babban ɗan Baba Kitwana, yana ɗaga murya don na baya su ji. "Wa ke da shebur? Wa ba ruwansa da Mauludi? Kun san shi, na san shi."

Ba sai ya kama suna ba. Lukas yake nufi, Kirista ɗan ƙabilar Makonde da ke gasa dutsen teku yana fitar da farar ƙasa a bayan gari. Samari suka fara guna-guni, wani ya ce a je a rushe bukkarsa a duba.

Ana cikin haka Muhando ya iso da sandarsa. Sana'arsa bin sawu: aladun daji masu ɓarnar rogo, da awakin da suka kwana a gidan da ba nasu ba. Mutum ne da abu ƙanƙani kan hana shi sukuni. In ya ga tururuwa ta sauya hanya, sai ya tsuguna ya ga dalili.

"Sannunku da aiki," ya ce da taron. "Kun tattake min komai tas. Ko giwa ce ta tona, yanzu kam sai dai mu tambayi Allah."

Ya dira cikin ramin. Bai wuce ƙugunsa ba, tsawonsa kuma bai kai tabarmar sallah ba. Ya ɗebi ƙasar da aka tara a gefe ya murza. Laushi gare ta kamar gari, tsakuwa kuma an ware ta wuri guda. Wanda ya tona rairaye ƙasar ya yi. Ya kai hanci kusa da gindin ramin, ya ji ɗan ƙanshin turaren wuta. Ya fito daga ramin.

Baba Kitwana ya ja shi gefe. "Muhando, ka nemo min mai wannan aiki kafin yaran nan su ja min abin kunya a gonata. Zan riƙe su zuwa gobe. Bayan nan ban yi maka alkawari ba."

* * *

Sai da mutane suka watse sannan Muhando ya samu sawun, can bayan inda aka tattake. Takalmin taya ne, irin wanda rabin mazan Kigoda ke sawa. Mutumin ya nufi cikin gona da gajerun taku, a hankali, kamar mai rungume da abin da yake tsoron ya faɗi. Ya dawo, ya sake tafiya, wannan karon bakin shebur na ɗan jan ƙasa a bayansa. A hanyar shanu sawun ya ɓace.

Amma wani abu ya tsayar da Muhando. Tsakanin kabarin da tsohon mangwaron gonar akwai ɗan fili, yashi ne kawai da ciyawa tsilli-tsilli. Da sawun ya iso nan sai ya kauce, ya yi kwana kamar mai zagaye ɗaki, sannan ya koma kan hanyarsa. A tafiya haka, a dawowa haka, a komawa ma haka.

Ya duba ko ƙaya ce, babu. Ko ramin maciji, babu. Ya tsaya a tsakiyar filin ya juya gabas ya juya yamma.

"Kai kuwa me ka gani a nan da ni ban gani ba?" ya tambayi sawun.

* * *

Ya tarar da Lukas a gaban tandarsa, fari fat har gira. Matarsa na cikin bukka tana ɗaure tukwane a zani.

"Ga karen farautar Kitwana," in ji Lukas. "Shinshina, tsoho. In ka ji ƙanshin azurfa mu raba."

"Ai ko ka samu, a giyar kwakwa za ta ƙare. Miƙo sheburinka."

Lukas ya jefo masa. Bakin sheburin a karye yake gefe guda, duk inda ya sara sai ya bar alama, bangon ramin kuwa sumul yake. Ga shi kuma Lukas zanƙalele ne, takunsa ɗaya ya yi biyun na mai sawun.

"Shekara nawa ina garin nan?" Lukas ya ce, wasan ya fita daga muryarsa. "Farar ƙasar masallacinsu ni na gasa. Amma akuya ta ɓata, Lukas. Yaro ya yi zazzaɓi, Lukas. Ka je ka tambayi Shabani su wane ne baƙin nan biyu da ya zagaya da su bakin ruwa jiya, shi da ya ce ciwon kai ya hana shi zuwa Mauludi."

"Ce wa matarka ta dakata da ɗaurin kaya."

"Kai za ka tare min su in sun zo?"

Muhando ya ajiye sheburin ya wuce.

* * *

Shabani ya fara da musu, amma da Muhando ya kwatanta masa takalman baƙin, har da wanda ke ɗan ɗingishi, sai ya sauke murya.

"Masu son gina masaukin baƙi ne, daga Tanga. Bakin ruwan kawai suke so. Don Allah, Kawu, kada Baba ya ji tukuna."

"Kabarin Balarabe bai tsaya musu a wuya ba?"

"Ya tsaya mana. Da teku za ta taimake ni ta haɗiye shi, da na yi sadaka. Amma in tona rami a gefensa in tara wa kaina jama'a? Hauka nake?" Ya goge zufa. "Kai ba ka san halin gonar nan ba. Ranar da aka ji za a sayi wuri, jikokin duk waɗanda suka taɓa mallakarsa fitowa suke. Na Balarabe, na Ba'indiye, na mutumin Pemba. Kowa ya nuna kabari ya ce ga kakansa, ƙasa tasa ce."

Muhando ya dubi ƙafafunsa. Sau-ciki ne na 'yan birni, da wuya in ya taɓa sa takalmin taya tun da ya girma.

"Filin nan na kusa da mangwaro, me ke wurin a da?"

"Ba komai. Kwakwa ce dai ba ta kamawa a wurin. Baba ya dasa ya gaji, da ta fara tasowa sai ta bushe."

* * *

Saura mutum biyu da ba su je Mauludi ba. Na farko Fundi Sefu, dattijon da ke gyaran jiragen masunta, wanda ya zo Kigoda daga Tanga shekarun baya ya zauna shi kaɗai. Muhando ya same shi a ƙarƙashin wani kwalekwale yana cusa auduga a tsagar katako.

"Fundi, kai kana bakin ruwa jiya. Ba ka ga kowa ba?"

"Bayana na ba gona, fuskata na ga jirgi. Ruwa ba ya jiran mai gyara." Ya ci gaba da bugu, can ya ƙara da cewa, "Amma ku ƙyale Lukas. Ba shi ba ne."

"Ta ina ka sani?"

"Mutumin da yake yini a bakin wuta don abincin yara, ina ya ga ƙarfin neman tukunyar aljanu?"

"Me ka sani game da masu gonar na da?"

"Ni baƙo ne. Ka tambayi Goggo Mishi, ita ta ga jiya ta ga yau."

Goggo Mishi ita ce ta biyun. Ta tsufa har ba ta iya shiga kwalekwale, amma bakinta bai tsufa ba. Sai da Muhando ya sha shayinta ya yaba, sannan ta yarda ta yi magana.

"Jikokin Balarabe ba manoma ba ne, cin gonar suka yi har ta kuɓuce musu. Ta faɗa hannun Jeta, Ba'indiye mai matsar man kwakwa. Shi ko kwana bai taɓa yi a cikinta ba, sauro yake tsoro. Bayansa sai Vuai, mai jirgin iska daga Pemba. A gidansa na yi aikatau ina yarinya. Mutumin kirki, matarsa kuwa ta iya dafa shinkafa da madarar kwakwa, har yau ban ci irinta ba."

"Me ya sa suka tashi?"

Ta tauna dasashi. "Rijiya."

"Wace rijiya? Gonar Kitwana ba rijiya."

"Yanzu babu. 'Ya'yansu biyu, namiji da ƙanwarsa. Yarinyar ta fara tafiya ke nan, wata safiya aka nema aka rasa, sai a rijiya aka gan ta. Vuai ya sa aka rufe bakin da falalen dutse, aka zuba yashi a kai, ya ce kada wanda ya ƙara ambatonta. Uwar ta kasa zama a wurin. Damina ba ta zagayo ba suka sayar wa uban Kitwana, wanda bai daɗe da saukowa daga tudu ba, suka tafi."

"Ina aka binne yarinyar?"

"Kai ma dai. Yaushe mata suka fara raka gawa?"

"Yaron fa, sunansa?"

"Kibabu muke ce masa, don yana da fuskar tsofaffi. Sunan yanka kuwa, ka tambayi wanda ya ci naman."

Daga gidanta Muhando ya ari sandar ƙarfe ya koma filin. Ya caka a gefe, ta nutse. Ya caka a tsakiya, ta daki dutse, dutsen ya amsa da sautin abin da ƙarƙashinsa rami ne. Ya zagaya yana cakawa har ya gane faɗinsa, ya hau ya yi tsalle a kai ya tabbatar zai ɗauki ko bijimin sa. Sannan ya karyo ganyen kwakwa ya share wurin tas, ya nufi gida yana murmushi shi kaɗai.

* * *

Da hantsi washegari Muhando ya tara su a bakin ramin: Baba Kitwana da Shabani, Lukas, Fundi Sefu, shugaban ƙauye, da samarin da ke jiran a ce musu kule. Goggo Mishi ma ta sa an kawo ta, ta ce ba za a yi ba ita ba.

"Rana ta yi zafi," Muhando ya ce. "A inuwar mangwaro za mu yi magana. Amma ɗaya bayan ɗaya za ku tafi, ina so in ga takun kowa."

Lukas ya fara, ya ratsa filin kai tsaye yana huci. Shabani ya bi, yana tafiyar ƙasaita. Samari suka wuce suna dariya, wani har da rangwaɗa. Baba Kitwana ma ya taka, yana mitar an mai da shi yaro.

Fundi Sefu ne na ƙarshe. Ya buɗe taku fiye da yadda ya saba, yana jan ƙafar hagu, duk hankalinsa na kan yadda zai ɓad da tafiyarsa. Da ya iso tsakiyar filin sai jikinsa ya karkata da kansa. Ya kauce, ya yi kwana, ya dawo kan hanya. Sai da ya shiga inuwa ya waiga, ya ga layin sawun jama'a miƙe sambal, nasa kaɗai ya lanƙwashe.

"Kibabu," in ji Muhando a hankali, "me ka zagaye?"

Goggo Mishi ta dafa sandarta ta matso, ta leƙa fuskarsa har hancinsu ya kusa haɗuwa.

"La ilaha illallahu! Shi ne! Fuskar ce ta iso shekarunta. Kai ɗan nema, shekara da shekaru kana wuce ƙofata kana ce min ina kwana, ni da na goya ka?"

Muhando ya je ya kwashe yashin da hannu, falalen dutsen ya bayyana. Ya gaya musu abin da ke ƙarƙashi, da abin da ya gani a ramin. "Mai neman azurfa ba ya rairaye ƙasa, ba ya kunna turare. Wanda ya tona ƙananan ƙasusuwa yake tsincewa, ba ya so ya bar ko ɗaya. Kuma ƙafarsa ta san rijiyar da masu gonar ba su sani ba."

Fundi Sefu ya zauna a kan saiwar mangwaron.

"Sunanta Raya," ya ce. "Mahaifinmu ya binne ta kusa da Balarabe don kada noma ya bi ta kanta. A lokacin teku na can nesa, sai ka yi tafiya kafin ka jiƙa ƙafa. Mahaifiyarmu har ta rasu a Tanga tana tambayata wa ke share wa Raya ciyawa. Shi ya sa na dawo garin nan. Cikar ruwan watan jiya ta tafi da kwakwar da ke gabanta. Na san ta gaba da ita za ta tafi."

"Me ya hana ka zo ka same ni?" Baba Kitwana ya tambaya.

"In ce maka ni ɗan Vuai ne, ga kabarinmu a gonarka? Da me za ka ɗauka na zo nema?"

"Ka ji ko, Baba!" Shabani ya yi caraf. "Yau kabari, gobe kotu."

"Mahaifina ya sayar, mahaifinka ya saya, ba wanda ya cuci wani," in ji Fundi, idonsa na kan Baba Kitwana. "Ko kwakwa ɗaya ba na nema."

"Ni fa?" Lukas ya tako gaba. "Kana kallo ana shirin rushe min ɗaki, matata ta kwana a kan ƙullin kaya."

"Da sun taso zan tsaya a ƙofarka in faɗa."

"Da sun taso! Ka taɓa ganin inda suka tsaya sauraron tsoho?"

Fundi ya sunkuyar da kai. "Gaskiyarka. Tsoro na ji, na bar ka da nauyin. Ka yafe min."

Lukas ya yi tsaki ya kau da fuska, bai ce ya yafe ba.

"Yanzu ina take?" Baba Kitwana ya ce.

"Kan tudu, ƙarƙashin yazawa, a kusurwar gonarka ta yamma. Na so in kai ta maƙabarta, ƙafata ta ƙi. A gonar nan aka haife ta. In ka ce in ɗauke, yau zan ɗauke."

Baba Kitwana ya daɗe yana kallon dutsen rijiyar.

"Tun ina yaro nake noma a gefen yarinyar nan ban taɓa yi mata sallama ba," ya ce. "Ta riga ni zuwa gonar. An tashe ta sau ɗaya, ya isa." Ya juya ga ɗansa. "Kai kuma, ka kwashi abokanka ku je gidan Lukas, ku kwance wa matarsa kaya ku mai da kowace tukunya inda take. In kun gama ka zo ka gaya min su wane ne baƙin da ka shigo min da su gona ranar Mauludi."

Shabani ya harari Muhando. Muhando ya ɗaga hannu biyu. "Ba ni ba. Mai ɗingishin nan ko makaho ya ga sawunsa."

* * *

Da la'asar liman ya zo aka hau tudu aka yi wa Raya addu'a. Lukas bai shiga sahu ba, amma washegari an ga kwandon farar ƙasa a gindin yazawar, ba wanda ya tambayi wa ya ajiye. Da shi Fundi ya shafe duwatsun da ya kewaye kabarin. Maganar masaukin baƙi kuwa, tun da Shabani ya fito daga ɗakin mahaifinsa ba a ƙara jin ta ba.

Bayan 'yan kwanaki Muhando na bin sawun wani alade ta cikin rogo, sai ya jiyo muryoyi. Baba Kitwana ne da Fundi Sefu, suna zaga gonar a hankali, wannan na nunawa da sanda, wancan na girgiza kai.

"Layin kwakwar can na Jeta ne, na ji," Baba Kitwana ke cewa. "Amma wannan lemon mahaifina ya dasa, ina tsaye."

"Mahaifiyata ta dasa. Naku dai ya ɗaura masa kara."

"Kai Kibabu, ka ji tsoron Allah. A haka za ka ƙwace gonar, bishiya bishiya?"

"Ka riƙe gonarka. Lemon dai namu ne."

"To tsinko mana biyu, tunda naku ne. Ni ƙuguna ba ya miƙewa."

Muhando ya jingina sandarsa, ya ƙyale aladen ya tafi abinsa, ya bi bayansu don ya ji sauran.